“Left Lagos” ko “left for Lagos”: yadda ’yan kalmomin da ke raka suna suka kusa raba wani akawu da aikinsa

## Mutumin da wurin aikinsa

Matashin da wannan rubutu ya shafa yana da shekara 26, akawu ne a wani ƙaramin kamfani da ke fitar da amfanin gona waje daga Kano. Ofishin ɗaki biyu ne da sito, a kan hanyar Katsina, ba nisa da kasuwar Dawanau. Riɗi da zoɓo ne jarinsu. Suna saye a hannun dillalai, mata su sheƙe su tsince, a auna a ɗinke buhuna, a yi wa tirela lodi ta kama hanyar Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Daga tashar jiragen ruwa ta Apapa kaya suke hawa teku. Masu sayen riɗinsu suna Turkiyya da Indiya, zoɓon kuwa Meksiko yake nufa, kamar yawancin zoɓon da ke barin ƙasar nan.

Yana da difloma a fannin kasuwanci. Turancin bakinsa ba abin rainawa ba ne. In ka ji shi a waya da wakilinsu na Apapa ba za ka ce da wata matsala ba. Maigidansa, wanda kowa ke kira Alhaji, ɗan kasuwa ne na gado. Allo ya yi, lissafinsa a ka yake, amma ba ya rubutu da Turanci. Don haka Alhaji ke faɗin magana da Hausa, akawu ya zuba ta da Turanci a imel ko WhatsApp. Duk saƙon da ya fita daga ofishin nan, da Hausa aka haife shi.

Ni kuwa tsohon malamin Turanci ne a sakandare. Na yi ritaya, yanzu ina ɗan koyar da manya bayan La’asar a zauren gidana. Baffan yaron abokina ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, shi ya haɗa mu.

## Farkon Nuwamba: saƙo biyu da suka tayar da ƙura

Kakar riɗi ta kankama. Wata Litinin tirela ta tashi da tan 30. Washegari Alhaji ya ce, “Gaya wa mutumin Turkiyya kayansa sun tafi Legas ran Litinin.” Akawu ya rubuta: *The goods left Lagos on Monday.*

Jimlar ba ta da aibi a nahawun Turanci. Sai dai abin da take cewa shi ne kaya sun bar Legas, wato jirgi ya ɗaga da su. Maganar Alhaji kuwa ita ce *The goods left for Lagos on Monday*: sun nufi Legas. Haruffa uku ne kawai tsakanin jimlolin biyu.

Mai sayen ya amsa da godiya, ya nemi a turo masa takardar shaidar lodin jirgi. Akawu ya ɗauka gaggawar masu saye ce da aka saba, ya ce za a turo. Can kuwa mutumin ya fara ƙirga kwanakin isowar jirgi tashar Mersin da ke Turkiyya, har ya yi wa wata masana’anta alkawarin rana. Sai bayan kwana tara gaskiya ta fito: tirela ta yi kwana huɗu a hanya, kaya na layi a Apapa, ko kwantena ba su shiga ba. An yi musayar kalamai marasa daɗi. A ƙarshe Alhaji ya yi ragi a farashi don kada cinikin ya ɓaci.

Alhaji bai yarda cewa kalma ɗaya ce ta jawo haka ba. “Kai dai faɗi gaskiya,” in ji shi, “ƙarya ka shirga masa don ka burge shi.” Wannan zargin ya fi yi wa yaron ciwo a kan faɗan.

Ba a gama da wannan ba, tirela ta biyu ta lalace kusa da Mokwa. Wannan karon kayan mutumin Indiya ne. Akawu ya rubuta masa: *The truck is delayed in Niger.* Mutumin ya duba taswira, ya ga Nijar tana arewa da Kano, Legas kuwa tana kudu. Ya kira cikin fushi yana tambayar me ya kai kayansa wata ƙasa. Sai da direba ya ɗauki hoton motar a gefen titi, aka tura masa da bayanin cewa jiha ce a cikin Najeriya, sannan hankalinsa ya kwanta.

Alhaji ya yanke hukunci: nan da ƙarshen Janairu ko rubutu ya gyaru, ko akawu ya koma sito ƙirgar buhuna.

## Tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba: abin da aka gwada kafin ya zo wurina

Da farko an ɗora wa ɗan Alhaji, wanda ke jami’a, aikin duba kowane saƙo kafin a tura. Mako biyu abin ya yi. Yaron yana aji, saƙo sai ya kwana bai duba ba, idan ya duba kuma manyan kalmomi yake sauyawa da waɗanda suka fi su girma.

Sai akawu ya sa manhajar gyaran rubutu a wayarsa. Ta taimaka wajen haruffa, ta kuma koya masa cewa Turanci na fara sunayen ranaku da watanni da babban baƙi. Amma da ya gwada ta da jimlar nan ta Legas, ko layi ba ta ja ba.

Na uku shi ne zanen alwatikan nan da ke yawo a littattafan sakandare: *in* a sama don manyan wurare, *on* a tsakiya, *at* a ƙasa don ƙanana. Ya haddace shi tsaf, ya liƙa a jikin bango. Ya yi masa amfani a ’yan wurare, sannan ya fara rikita shi. Jami’ar Bayero ta fi ƙauyensu girma nesa ba kusa ba, amma ana cewa *at Bayero University*, ƙauyen kuma *in*. Facebook babba ne ko ƙarami? Kirsimeti fa, da wakilinsu na Legas ya rubuto cewa za su rufe *at Christmas*, amma *on Christmas Day*? Alwatika bai ce komai ba a kan *to* da *for* da *from*, alhali a nan aka yi asarar kuɗi.

## Mako na biyu na Disamba: awon farko

Na ce ya kawo mini saƙonninsa na wata biyu. Ya buga guda 60 a takarda, ya shafe farashi da sunayen abokan ciniki. Na bi su da jan biro ina neman abu ɗaya: duk inda sunan yanka ya fito, na gari ne ko na mutum ko na rana ko na wata, wace ƙaramar kalma ce a gabansa. Waɗannan kalmomi, irin su *in, on, at, to, for, from, by, until*, tun ina koyarwa nake kiransu ’yan rakiya, don aikinsu ke nan, su rako suna.

Na sami wurare 52 da ɗan rakiya bai dace ba, ko ya ɓata, ko an sa shi inda ba a bukata. Na raba su gida biyu. Guda 45 kurakurai ne da mai karatu zai gane nufin duk da haka: *at Kano*, *in Monday*, *on November*, *we arrived to Apapa*, *on next Friday*. Guda 7 sun sauya ma’ana. A cikin bakwai ɗin, biyar jimloli ne lafiyayyu da babu malamin da zai ja musu layi idan bai san abin da ya faru a ƙasa ba.

Da na jera su, sai saiwoyi uku suka bayyana, dukkansu daga Hausa.

Ta farko ita ce “a”. Mu kalma ɗaya ce ke yi mana wannan hidima duka: a Kano, a Dawanau, a titin Zoo, a ranar Litinin, a watan Nuwamba, a 1960, a Facebook. Turanci kuwa sai ya rarraba: *in Kano, at Dawanau Market, on Zoo Road, on Monday, in November, in 1960, on Facebook*. Titin ma da za a sa masa lambar gida sai ya koma *at*, kamar *at 10 Downing Street*. Akawu ya zaɓi *at* ya mai da ita fassarar “a” a ko’ina. Da na tambaye shi dalili sai ya yi dariya ya ce, “Malam, ai su suka fi kama a baki.”

Ta biyu ta fi zurfi, kuma ita ta ci kuɗi. Hausa ba ta bukatar ɗan rakiya bayan aikatau na tafiya. Na je Kano. Ya tafi Legas. Ta isa Zariya. Sun bar Kaduna. Inda aka dosa yana cikin aikatau ɗin kansa, har ma ƙarshen kalma kan nuna wajen da aka fuskanta: ya fita, ya fito, ya kai, ya kawo, ya koma, ya komo. Bahaushe ya saba sauraron aikatau don ya san ina aka nufa. Bature kuwa yakan rataya wannan nauyi a wuyan ɗan rakiya, kuma ba bisa tsari ɗaya ba. Zai ce *go to Lagos*, amma *reach Lagos* ba rakiya, *enter Lagos* ba rakiya, sai *arrive in Lagos*, tasha kuma *arrive at Apapa Port*. *Leave* ita ce mai fuska biyu: ita kaɗai tana nufin bari, da *for* tana nufin dosa. Akawu ya koyi *leave* tun firamare a matsayin “tafi”. “Sun tafi Legas” sai ta zama *left Lagos*, kalma bisa kalma, ba tare da ya ji wani abu ya ɓata ba, don a Hausar babu abin da ya ɓata.

Ta uku ita ce “wa” da “ma”. Idan na ce na sayar wa Alhaji riɗi, ko a Hausa maganar harshen damo ce: ko shi ya saya, ko ni na sayar a madadinsa. Mu yanayin zance ke raba mana gardama. Turanci kuwa dole ka zaɓa, *sold to* ko *sold for*. A wani saƙo ya rubuta wa banki cewa sun sayar da tan 10 *for* mutumin Indiya, wanda ke nuna kamar dillancinsa suka yi. Haka *We paid Alhaji* da *We paid for Alhaji*: a ta farko shi ya karɓi kuɗi, a ta biyu a madadinsa aka biya.

Akwai ’yar ƙarama ta huɗu a wajen lokaci. “Nan da Juma’a za mu biya” ya fassara ta *We will pay until Friday*, wanda ke nuna za a yi ta biya har Juma’a. Hausa ta riga ta bambance ukun sarai: ran Juma’a ita ce *on Friday*, nan da Juma’a ita ce *by Friday*, har zuwa Juma’a ita ce *until Friday*. Bai taɓa jera su gefe da gefe ba ne kawai.

## Sauran Disamba: nawa gwajin da bai ci ba

Abin da na saba shi na fara yi. Na rubuta masa ƙa’idoji a allo, na ba shi aikin cike gurbi, jimla 20 kowace rana. A mako na biyu yana cin 18, wani lokaci 19. Na fara jin daɗi. Sai na karɓi sabbin saƙonninsa 15 na ofis, na tarar da kurakurai 12. Kamar an shuka dusa.

Na nemi izinin Alhaji na je na zauna a ofishin wani yammaci. Abin da na gani ya isa. Masu dako suna shiga da fita, ƙurar riɗi ta cika ɗakin, wani dillali yana tsaye yana jiran kuɗinsa. Alhaji na tsaye a kan yaron, waya a kunne ɗaya, carbi a hannu, yana zubo saƙo uku a numfashi guda: “Ce wa na Apapa takardu sun taho, ce wa mutumin Indiya mota ta wuce Jebba, bankin kuma nan da Laraba.” Yatsun akawu suna bin maganar tun ba ta gama fitowa ba. A zaurena gurbi yake gani a takarda, ya san tarko ne, sai ya tsaya ya yi tunani. A ofis babu gurbi, babu tsayawa. Jimlar Hausa ce take shigowa a cike, shi kuma yana sauya mata riga.

A hanyar komawa gida na tuna wani abu da na lura da shi a saƙonni 60 ɗin ban ba shi muhimmanci ba. Na sake ƙirgawa: sunayen yanka 34 ne kacal suke ta maimaituwa. Garuruwan hanya, tashoshi biyu ko uku, ƙasashen masu saye, bankuna, ranakun mako, watanni, da ’yan mutane.

## Janairu: littafin sunaye

Na sa ya sayo littafi mai kaurin bango. Kowane suna ya sami shafinsa. A ƙarƙashin sunan ba ƙa’ida ake rubutawa ba, guntun magana ne cikakke, aikatau da ɗan rakiya da suna a haɗe, an kwafo shi daga wasiƙun da kamfanin jiragen ruwa da banki suke aiko musu. A gefen kowanne kuma Hausarsa, irin yadda Alhaji zai faɗe ta. Shafin Legas, misali, yana da *left for Lagos*, sun tafi Legas. *Arrived in Lagos*, sun isa. *In Lagos*, suna can. *Sailed from Lagos*, jirgi ya ɗaga. Na hana shi amfani da *left Lagos* gaba ɗaya na wata guda, ko da gaskiya ce, don hannunsa ya manta da ita.

Shafin da muka fi daɗewa a kai shi ne na *Niger*. A nan Hausa ta fi Turanci wadata, don muna da suna uku: Neja ita ce jihar da aka ƙirƙira a 1976 mai hedikwata a Minna, Nijar ita ce ƙasar da ta sami ’yancin kai a 1960, kogin kuma tun kaka da kakanni Kwara muke ce masa. Turanci da haruffa biyar ɗin nan yake rubuta duka ukun, sai abin da ke kewaye da sunan ya raba su: *in Niger State* ga jiha, *in Niger* ko *in the Republic of Niger* ga ƙasa, *on the Niger* ko *across the River Niger* ga kogi. Tirelarsu kuwa tana ratsa jihar, ta haye kogin a gadar Jebba, ƙasar kuma ba ta da nisa sosai da inda aka yi lodi. Daga nan ya gane da kansa cewa Kaduna ma gari ce, jiha ce, kogi ne, haka Sakkwato, Binuwai jiha ce kuma kogi, akwai *Chad* akwai *Lake Chad*, akwai *Mexico* akwai *Mexico City*.

Wannan ya jawo mu maganar *the*, wadda ba ’yar rakiya ba ce amma tana yawan shiga tsakanin ɗan rakiya da suna. Yawancin ƙasashe ba sa ɗaukarta: *in Nigeria, in India, in Ghana*. Wasu suna ɗauka: *in the Netherlands, in the United States, in the United Arab Emirates, in The Gambia*. Koguna da tekuna da hamada suna ɗauka, *the Benue, the Mediterranean, the Sahara*, tabki mai *Lake* a gaba kuwa ba ya ɗauka. Ƙa’ida ɗaya tak na koya masa a nan, don ita ba ta cika ba da kunya ba: idan akwai *of* a tsakiyar suna, galibi *the* na gaba. Shi ya sa ake cewa *at the University of Ibadan* amma *at Bayero University*. *From the Port of Mersin* amma *from Apapa Port*. *To the Central Bank of Nigeria*, *to the Emir of Kano*. Sauran duk na ce ya rubuta su yadda ya gan su, don al’ada ce, kuma al’ada kan sauya. A da ana rubuta *the Sudan*, yanzu an yar da *the* ɗin. Yukiren ma ta yar da nata bayan 1991. Turkiyya kuwa a 2022 ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta koma rubuta sunanta *Türkiye*, kuma da yake haka mai sayen riɗinsu ke rubutawa a kan takardunsa, haka muka sa a littafi.

Baffansa ya taɓa leƙowa muna cikin wannan, ya ce shi a tsofaffin takardun En’e da ya gani *at Kano* Turawa ke rubutawa, yaya za a ce kuskure ne? Gaskiyarsa. Tsohon Turancin Ingila yana sa *at* a gaban garuruwa, kuma har yau ana sa ta idan garin zango ne a kan hanya, kamar *the train stops at Kaduna*. Na gaya wa akawu ya rubuta *in Kano*, amma in *at* ta kuɓuce masa kada ya hana kansa barci. Haka bambancin Ingila da Amurka, *at the weekend* da *on the weekend*, ko *Monday to Friday* da *Monday through Friday*: na nuna masa sau ɗaya muka wuce.

Littafi kaɗai ba zai hana yatsu gudu ba, don haka muka ƙara abu biyu. Na farko, kafin ya taɓa waya, duk sunan da Alhaji ya ambata ya yi masa tambaya a zuci: yana ina, ina za shi, daga ina, yaushe? Idan mutum ne, wa ya bayar, wa ya karɓa? Na biyu, kafin ya tura, ya karanta Turancin ya mayar wa Alhaji da shi Hausa da babbar murya. A makon farko wannan bai yi aiki ba, don abin da ke kansa yake faɗa, ba abin da ke kan gilashin waya ba. Sai na riƙa ɗauko tsofaffin saƙonninsa da ya manta dalilinsu, in ce ya fassara mini kamar shi ne mai saye a Mersin, bai san Dawanau ba, bai san Alhaji ba. Ranar da ya kai kan jimlar Nuwamba ya ce da bakinsa, “Kaya sun bar Legas,” sai ya yi shiru, ya ajiye takardar. “Wallahi Malam, ni ma da haka zan fahimta.”

Alhaji da farko ya ƙi wannan karatun, ya ce ɓata lokaci ne. Baffan yaron ne ya lallashe shi da cewa ai ko kuɗi ka karɓa daga banki sai ka sake ƙirgawa.

## Ƙarshen Janairu zuwa Maris: awo na biyu da koma baya

Wa’adin ƙarshen Janairu ya zo ya wuce, Alhaji bai ɗaga maganar sito ba. A ƙarshen Fabrairu na karɓi saƙonni 40. Kurakurai 11 na samu, babu ko ɗaya da ya sauya ma’ana. Bakwai daga ciki *at* ce a inda *in* ta fi dacewa.

A Maris aka fara cinikin zoɓo da wani sabon mai saye a Meksiko. Sabbin sunaye suka shigo, irin su Veracruz, waɗanda ba su da shafi. A saƙonni 12 na wannan ciniki na ga kurakurai 6, kuma *arrived to*, wadda muka kashe tun Janairu, ta dawo da ranta. Da na bincika sai na tarar daga wasiƙun mai sayen ya kwafo ta. Mutumin Sifaniyanci ne harshensa, kuma a harshensa kalmar da ke bin “isa” ita ce wadda aka fi fassarawa da *to*, don haka shi ma nasa harshen yake sa wa rigar Turanci. Akawu ya ga Bature ya rubuta, ya ɗauka daidai ne. Muka gyara sharaɗi: abin da zai shiga littafi sai daga takardun banki da na kamfanin jiragen ruwa, ko wanda ya kawo mini na gani. Muka buɗe sabbin shafuka shida.

## Afrilu: inda aka tsaya

Ya daina zuwa kullum, sai Asabar. Littafin ya kai shafi 43. A saƙonni 30 na ƙarshe da na duba, kurakurai 4 ne, duka marasa illa. Mutumin Turkiyya ya sake yin oda. Akawu na nan a kujerarsa.

## Abin da na gani a wannan lamari

Gwaji uku na farko, da nawa na huɗu, duk sun ɗauka cewa yaron bai san Turanci ba ne, sai a ƙara masa. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Kurakuran da suka ci kuɗi Turanci ne mai kyau da ke faɗin abin da ba a nufa ba, shi ya sa manhaja ba ta gan su ba, ɗan jami’a ma bai gan su ba. Wanda zai kama su sai wanda ya ji Hausar da aka fara faɗa, ya kuma ga Turancin da ya fita. Mutum ɗaya ne a ofishin yake da kunnen duka biyun, shi ne akawun kansa, kuma mayar da saƙo Hausa shi ya tilasta masa amfani da su a lokaci guda.

Alwatika ya gaza ne don yana auna girman wuri, alhali sunan yanka ba ya nuna girmansa, kuma rabin zaɓin ɗan rakiya aikatau ne ke yinsa, ba suna ba. Littafin ya ci don ya daina raba ukun. Ya kuma ci don aikin yana da iyaka: mutum ba zai iya haddace duk inda *at* ke shiga a Turanci ba, amma zai iya riƙe sunaye 34 da yake rubutawa kullum. Rauninsa shi ne abin da Maris ya nuna, sabon suna sabon aiki. Da ɗalibi ne mai shirin jarrabawa ba zan tsaya a nan ba, sai na koma masa kan ƙa’idoji daga baya. Laifina a ciki shi ne mako biyun da na ɓata ina farautar kurakurai 45 da ba su cutar da kowa ba, na bar bakwai ɗin da suka kusa cin aikinsa a jere ɗaya da su.

Akwai kuma abin da ban shirya ba. Da na koma ofishin a Afrilu, na ji Alhaji yana ba da saƙo, sai na lura Hausarsa ta sauya. Ya daina cewa “sun tafi Legas”. Cewa ya yi, yana jan kalmar a hankali, yana nuna kudu da carbinsa, “Sun tashi *zuwa* Legas. Zuwa fa na ce. Karanto mini in ji.”